Shekarar da Ciyayya Ta Watse

Yau Alhamis, tun da hantsi manyan motocin shanu ke wucewa ta bayan gidanmu za su kara, kasuwar dabbobi, ƙasa na girgiza, awakina na ta zabura kamar yau suka fara ji. Bazara ta kai bazara. Ruwan randa ya yi ɗumi, bango ya ɗau zafi har ba a iya jingina da shi. Da can ƙarar motocin nan haushi take ba ni, in yi ta tsaki ni kaɗai a tsakar gida. Yanzu in na ji su sai in ce alhamdu lillahi, don na ga Alhamis ɗin da garin Maigatari ya yi tsit, ko kukan ɗan maraƙi babu. A irin wannan zafin aka fara, shekarar korona.

Maigidana dillalin shanu ne. Baban Zulai nake ce masa, sunan autarmu ke nan da ke aure a Sule Tankarkar. Tun ina amarya aikinsa ɗaya: ranar kasuwa ya yini a tsaye a kara, tsakanin Fulani da Buzayen da suka koro dabbobi daga tsallaken iyaka da fataken da ke kai su kudu, sauran ranaku kuma yana ƙauyuka da rugage yana duba dabba. Dama can mai jiki ne, ba siriri ba, amma jiki ne mai tafiya. Ga surutu, kai! In ya kama labarin wani bijimi, sai ka gama wankin kwanuka bai kai ga wutsiya ba.

A ƙofar gidanmu ake ciyayya. Bayan magariba magidantan layinmu kowa a fito masa da kwanonsa, a zauna a gindin darbejiya, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Shi ne babba a cikinsu, shi ke buɗe kwanon farko. Kusan shekara talatin muna tare ban taɓa ganin yadda yake kai loma baki ba. Nawa in tuƙa, in kwashe, in rufe da faifai a fita da shi. In kwano ya dawo a suɗe, na san miyata ta yi.

Iyaka dama a rufe take tun kafin cutar, kasuwa ta yi sanyi amma ana lallaɓawa. Sai aka ce a rufe kasuwar gaba ɗaya, a daina taruwa, a daina musabaha. To dillalin da aka hana riƙe hannun mutum, me ya rage masa? Malam Ila tela, amininsa tun ƙuruciya, yana da tarin asma, 'ya'yansa suka ce ko zaure kada ya leƙa. Da Malam Ila ya daina fitowa sai wancan ma ya daina, wannan ma ya daina. Na naɗe tabarmar ciyayya na jingine ta a zaure. A haka azumi ya same mu, mu biyu rak a gida, 'ya'ya duk sun yi nasu gidajen.

Azumin nan ya yi wuya, ba a magana. Rana ta fito kamar da fushi, kafin azahar leɓe ya tsage, miyau ya ƙafe. Wuta babu, balle ƙanƙara. Sai dai a jiƙa buhu a naɗe tulu. Gero ya yi tsada, masu neman na yau da gobe sun rasa inda za su nufa. Na san gidajen da kunun tsamiya kaɗai suke buɗa baki da shi, tsararo, ko sukari babu, su sha su jira sahur.

Amma duk da wannan ƙunci, maƙwabta suka ce zama ne aka hana, ba zumunci ba. Tunda ba a fitowa, kowa ya riƙa aika kwanonsa gidan babba. Ana kiran magariba sai in ga kwanuka sun jeru a zaure: ɗanwake daga nan, dambu daga can, taliya da manja, ƙosai, fura, ga nawa tuwon da man shanu a kai. Kowane kwano ba shi da yawa, amma da can mutum nawa ke sa hannu a ciki? Yanzu hannu ɗaya ne. Kuma a wajenmu ba a mayar da kwano da abinci a ciki, sai a ce babba ya raina girkin gidan wane.

In kwashe su in kai masa ɗaki, in durƙusa in ce, "Ga abinci," in tashi in ba shi wuri kamar yadda uwata ta koya mini. In na dawo, kwanuka tas.

Ina iya juye rabi in miƙa wa masu buƙata, ga su nan birjik a bayan katangarmu. Ban yi ba. Abin da ya sa, duk yinin Allah mutumin nan a kwance yake, rediyo a kunne yana sauraron sanarwar rasuwa, wane ya rasu a Kano, wane ya rasu a Haɗeja. Wayarsa ya kashe ya tura ƙarƙashin matashi. In na yi magana ya ce "uhm". Lokacin da nake jin motsinsa kaɗai shi ne in kwanuka sun shiga. Sai in tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar murfi, raina ya yi sanyi, in ce to, mai cin abinci ai lafiyarsa ƙalau. Har ƙara man shanu na riƙa yi.

Azumi ya wuce, kwanuka ba su tsaya ba, ga kuma na safe da na rana sun ƙaru. Wuyansa ya cika, ciki ya turo, rigunan da Malam Ila ya ɗinka masa suka daina shiga. Wanka sai na yi ta mita. Da aka ɗan sassauta hanya, yayarsa, Yaya Ladi, ta zo daga Gagarawa. Tana leƙa ɗakin ta tafa hannu.

"Iye! Ƙanena ya yi kumatu! Hajara, Allah ya yi miki albarka. Mutane na ramewa, ke kin riƙe mini shi kamar ango."

Wallahi daɗi na ji. Har na ƙara mata guzuri da za ta tafi. Ita ba ta lura bai ce mata komai ba ban da "sannu da zuwa", ni kuwa na lura, na haɗiye.

Sai ruwa ya sauka. Da daddare an sha iska, da asuba ƙasa ta jiƙe, ƙamshinta ya cika gari, kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona. Na tsaya a kansa na ce, "Baban Zulai, an yi ruwan shuka."

Ya ce, "Gobe."

Gobe ta yi ya ce gobe. Ƙaninsa ne ya gaji ya je ya shuka mana gonar. Aka buɗe kasuwa, motoci suka dawo, na ce to yanzu kam zai zabura. Ina! Wani Bafulatani da suka daɗe suna hulɗa ya zo har ƙofar gida yana ta sallama, maigida ya ce in aika a ce ba ya nan. Nan ne raina ya ɓaci. Ni dama bakina ba ya da linzami.

Na ce, "Haba! Tsaranka na kara, kai kana tabarma? Lalaci ne ya same ka da girma ko me? Ci da barci, ci da barci, kamar ragon layya!"

Ya juya ya fuskanci bango. Maganar nan har yau in na tuna ta sai in ji kamar in tsinke harshena.

Wata la'asar, ana cikin noman fari, na ji shiru ya yi yawa a ɗakinsa. Na leƙa na gan shi a sujada, ya kasa ɗagowa, numfashi na fita da ƙyar, gumi ya jiƙa rigar sharkaf. Na yi ta salati ina jan kafaɗarsa, ko gezau. Na fita ba mayafin kirki na buga ƙofar Malam Ila. Tsohon nan ya manta da asmarsa, ya nemo mota, muka kwashe shi sai asibiti a Gumel.

Likitar mace ce, yarinya sa'ar Zulai, ta rufe baki da hanci da takunkumi, idanunta kaɗai nake gani. Ta auna jini ta ce ya hau sosai, sukari ma ya kusa bakin gaɓa, nauyin kuma ya fi ƙarfin gwiwoyinsa da zuciyarsa. Na ɗauka shi ke nan za ta rubuta magani. Sai ta ja kujera ta fuskance shi.

"Baba, yaya barci?"

"Ba ya ƙarewa. Kuma ba ya isa."

"Me kake jin daɗinsa yanzu?"

Ya ce, "Babu."

"Ka yi haƙuri da tambayar da zan yi. Ka taɓa jin gara a ce ba ka duniyar?"

Na buɗe baki zan ce subhanallahi, wace irin tambaya ce wannan ga Musulmi mai salla, sai na ga ya sunkuyar da kai ya gyaɗa. Ina tsakar gida ina ƙara man shanu, ashe abin da ke cikin ɗakin ke nan.

Ta juyo gare ni ta ce, "Mama, ciwo biyu ne a jikinsa, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Akwai ƙiba, akwai ciwon damuwa. Damuwar ciwo ce kamar hawan jini, ba lalaci ba ce, ba kuma rashin tawakkali ba. Ita ke kwantar da shi ta sa shi ci, nauyin kuma ya hana shi tashi, damuwar ta ƙaru. In muka kama ɗaya muka bar ɗaya, wanda muka bari zai dawo da wanda muka kama. Tare za mu yi su."

Ta ba da ƙwayoyi, ta ce saboda cutar ba a son yawan zuwa asibiti, za ta riƙa kiran wayarsa duk mako su yi magana. Ya riƙa tafiya da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kwano ɗaya, ganye ya fi tuwo yawa, a janye mai da sukari. Duk ina cewa to, to. Sannan ta ce, "Da wa yake cin abinci?"

Na ce, "Shi kaɗai, tun da aka daina ciyayya."

"Kada ya ƙara ci shi kaɗai. Wa ke gidan?"

"Ni ce kawai."

"To ke za ki zauna ku ci tare."

"Ni? Da maigida? Kwano ɗaya? Haba likita, 'yar nan, ai da kunya!"

Ta ce, "Mama, yana cikin maganin."

Muka dawo gida na kama aiki kamar an aiko ni. Malam Ila ya bi gida-gida ya ce likita ce ta hana kwanuka, kada kowa ya ji haushi. Na ɓoye ƙwaryar man shanu. Damina ce, ganye ko'ina: tafasa, rama, yakuwa, zogalen bayan ɗaki. Ƙwaya kuwa a kan kari nake miƙa masa. Komai na yi, ban da abu ɗaya. In kai kwanon in durƙusa, in ce yau zan zauna, sai in ji kamar uwata na kallona daga kabari, in miƙe in fita.

Sai ya ƙara lalacewa. Da ko ƙarar murfi nake ji, yanzu ita ma babu. Ya kalli ɗan kwanon ganyen ya ture. Tafiyar safe kuwa ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai yi ta zagaya gari ba aike ba saƙo. Da likita ta kira ta gama da shi, ta ce a ba ni wayar.

"Mama, kin zauna?"

Na ce, "Ana dai ƙoƙari."

"Kin zauna ko ba ki zauna ba?"

Na ce, "Ban zauna ba."

Ta ce, "Kwanukan nan su ne abin da ya rage masa na mutane. Mun ɗauke su, ba mu ba shi komai a madadinsu ba. Ni ina Gumel, ke ce a kusa."

Yarinya sa'ar 'yata! Na ji haushi, na ce a raina ita me ta sani game da aure. Amma da na ajiye wayar na san gaskiya ta faɗa.

Ranar an yini ana yayyafi, indararo na ɗiga, tsakar gida duk caɓi. Bayan magariba na kwashe tuwon gero ɗan madaidaici da miyar kuɓewa, na shiga, na ajiye, na zauna daɓas a gefen tabarma. Ya ɗago ya dube ni.

"Lafiya?"

"Likita ce ta ce," na faɗa ina kallon ƙasa. Na wanke hannu na miƙa masa ruwan.

Lomar farko da kunya na kai ta baki, ni da na aurar da 'ya'ya, na yi jikoki. Muna ci, ana jin ɗigar indararo. Na lura yana gutsurar tuwon yana ɗan taɓa miyar kaɗan-kaɗan kamar mai tsoronta. Can ya yi gyaran murya.

"Hajara, miyar kuɓewar nan fa ban taɓa sonta ba."

"Me ka ce?"

"Ila ne ke shanye ta."

Na saki baki. "Shekara da shekaru ina yanka kuɓewa ina shanyawa a kan rufi, ina cewa ita ce miyar maigida, ashe Malam Ila nake wa bauta? La ilaha illallahu! Ba ka da baki ne?"

Sai na ga kafaɗarsa na motsi. Dariya ce, 'yar ƙarama, a shaƙe, irin ta wanda ya manta yadda ake yi. Ni ma ta kama ni, ina yi ina share hawaye da bakin zane. Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawon haka tun kafin azumi.

Daga ranar kullum tare muke ci. Maganar tafiya kuma na samo mata dabara: tunda ba zai fita ba aike ba, sai na riƙa aikensa. Awaki na son ciyawa, gona na son a duba ta. Da asuba ya yi gaba da lauje, ni ina baya da butar ruwa, raɓa na jiƙa mana ƙafa. Da farko ko bakin gari ba ma kaiwa sai ya nemi kututture ya zauna yana haki. Sannu a hankali muka kai gonar. Gero ya yi ciki, ya fitar da kai, wake ya yaɗu. Ba kullum ake samun nasara ba. Akwai ranakun da zai koma bangonsa, in yi ta magana kamar da dutse, ƙwayar ma sai da likita ta ce mu yi haƙuri, ba ta aiki da gaggawa. Amma ko a irin ranakun nan na daina ajiye kwano in gudu.

A wannan damina na san mijina. Na san ba ya fara ci sai ya tura mini tsokar da ta fi kyau gabana, wai haka suke wa baƙo a ciyayya. Na ji labarin uwarsa da ta rasu yana yaro, wanda bai taɓa ba ni ba. Ya gaya mini da aka rufe kasuwa ji ya yi kamar an ce ba shi da amfani a duniya, in ya ci ne kawai abin ke lafawa na ɗan lokaci. Ni ma na ba shi nawa labaran, har da waɗanda ban san ina riƙe da su ba. Na roƙe shi gafarar maganar ragon layya, ya ce ai ragon ma ya ji.

Da kaka ta yi, an yi girbi, muka yi roron wake tare, rigunansa suka fara shiga, jinin ya sauka. Wata Alhamis ya ɗauki sandarsa ya tafi kara, ya dawo da ƙurar shanu har gira, yana ba ni labarin wani bijimi ja tun daga zaure. Ba a jima ba Malam Ila ya yi sallama da magariba ya ce sun share gindin darbejiya, babba kaɗai ake jira. Likita da ta ji ta ce abin da muke nema ke nan tun farko, ya koma cikin mutane, ya dai kula da yawan lomar.

Na kwashe masa na rufe da faifai, ya ɗauka da kansa ya fita. Ina jiyo muryarsa ta saman katanga, ana ta shewa. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Sai dai da na juyo na ga ruwan wanke hannu na mutum biyu na zuba.

Abin da ke damuna ke nan, ban taɓa gaya wa kowa ba. Watannin nan su ne mafi muni a rayuwar mutumin nan, ya kusa rasa ransa a cikinsu, ni kuwa kewarsu nake yi. Wace irin mata ce ke kewar ciwon mijinta?

Daminar bara zazzaɓin sauro ya kwantar da shi 'yan kwanaki. Na kai masa abinci ɗaki na zauna, ba wanda ya ce in zauna, muka ci muna hira kamar da. Na kama kaina ina 'yar waƙa a madafi. Da ya ji sauƙi, magariba ta yi, ya sa hularsa ya miƙa hannu zai ɗauki kwano, sai na ji bakina ya ce, "Ka ƙara kwana mana, jikinka bai yi ƙwari ba."

Ƙarya nake yi, garau yake. Ya dube ni ya daɗe, ya gane sarai. Ya cire hular a hankali, ya koma ya zauna a kan tabarma, a daidai wurin da ya yi waccan shekarar, kafaɗarsa na jingine da bangon nan.

Na sunkuya na ɗauki kwanon na danƙa masa a hannu, na ɗauko hular na ɗora masa a ka.

"Tashi ka fita, suna jiranka."

"Hajara, ai ke kika ce..."

"Na fasa. Tashi, don Allah, kafin ya huce."

Ya fita. Na tsaya har na ji an amsa masa sallama a gindin darbejiya, sannan na koma madafi na ci nawa a tsaye.